Ramin da Muka Bari

Gidan Morag na yoyon zafi kamar tsagaggiyar ƙwarya.
Euan ya nuna mini a na'urarsa tun da asuba:
bango ja, taga ja, rufi ja wur kamar garwashi.
Ya ce, "Ga fanshonta can, yana ɗumama sararin Dundee."
Shekara arba'in tana ƙona gas
tantabarun kan rufi na shan ɗumi a bati.

Muka shiga, sanyin Fabrairu na gatsar kunne.
Na hau silin da ulun dutse a kafaɗa,
yana cin wuyan hannu kamar ƙaiƙayin gero.
Na shimfiɗa, na danna, na toshe.
Kakana magini ne a Kazaure,
bai taɓa riƙe takardar shaida ba,
ƙasa ce da ramno da tafin hannu,
ɗakin da ya yaɓe, ko a tsakar hunturu, mayafi ɗaya ya isa,
ran da ya faɗi kuwa, ya koma gona.
Nawa fa?
Kumfar da nake fesawa jikar man fetur ce,
za ta binne ni, ta binne jikokina.

Taga tara muka ɓalle.
Katakonsu ya girmi mai gidan,
har yanzu in ka kankare yana ƙamshin daji.
Muka watsa su a akwatin shara, gilashi na kuka.
Sababbin sun keto teku a jirgi,
an narka su da wutar da ban gani ba.
Euan ya ce shekara bakwai gidan zai biya bashin hayaƙin nan,
mai fenti ya ce goma sha biyu.
Ni dai na san ba a cike rijiya sai an haƙa wata.

Ran Laraba ta kawo shayi, ta tsaya da sandarta
tana kallon wani rami ƙarƙashin indararo,
bai fi a sa yatsu uku ba.
Euan ya ce, "Gobe za a gwada iska. Ko kafar allura ba a so."
Ta juyo gare ni:
"Tsattsewa ke kwana nan, duk Mayu.
Daga wajenku suke tasowa.
Sun riga ka sanin hanya."

Na tsaya da cokalin siminti a hannu.
Wanda ya taɓa isa bakin ƙofa
bayan doguwar tafiya, ya iske ta a garƙame,
ba sai an yi masa bayani ba.
Na sassaƙe bulo, na rufe bayansa da kyau,
zafi ya zauna ciki, baƙi su sami masauki waje.
Euan ya girgiza kai, ya dubi agogo,
sannan ya riƙe mini tsani.

Da Maris ƙanƙara ta sauko cikin dare.
Na biyo layin da safe, zan kama bas.
Rufin maƙwabta na ɗiga, baƙi ƙirin,
nata fari fat, ko ɗigo babu.
Ta taga na hango ta ba safar hannu,
tana ɓare lemo.

Tagogin nan tara, ban san inda aka kai su ba.
Ramin yana nan.
Saura sati takwas.