Tankaɗe da Rairaya

Ƙarfe ɗaya na dare a Ƙofar Ƙaura.
Janareta na tari a bayan shago,
ni da uwar garke kaɗai muke farke.
Manoma dubu huɗu sun cike fom na neman taki,
kowa ya danna "Aika" ya je ya kwanta.
Abin da suka aiko ga shi jibge a ƙofata
kamar buhuna a bakin sikeli ranar kasuwar Charanci.

Malam Sallau, wanda ya koya mini aikin nan,
ya ce, "Duk abin da ya fito daga waje baƙo ne.
Ka ba shi ruwa, amma kada ka nuna masa rumbu
sai ka kwance ƙunshinsa ka gani.
Binciken da ka ɗora a wayar mai cikewa
dangar kara ce, akuya ma tana ratsa ta.
Katangar gaske a cikin gida ake gina ta."

Shi ya sa nake tankaɗe, nake rairaya.
Lambar waya, goma sha ɗaya ko ta koma.
Wani daga Rimi ya manta sifirin farko.
Wani a gurbin girman gona ya sa "babba ce",
ni kuwa eka nake nema, lamba tsurarta.
Lantana ta danna sau bakwai
don sabis ya yi mata nawa a Kurfi.
Ba zan mai da ita mata bakwai ba:
na riƙe ɗaya, na sallami shida.
Ga tsofaffi ɗari uku daga Mashi,
duk wai ɗaya ga Janairu aka haife su,
saboda gurbin ya ce dole,
kuma babu inda za a rubuta "shekarar da aka yi fāra".

Sai ga wani marar gari, marar gona.
A gurbin suna ya jera waƙafi da baka da umarni,
yana so rumbun bayanai ya ɗauke shi maigida,
ya zazzage masa sunayen bayin Allah.
Ban yi masa faɗa ba.
Na ɗaure kalmominsa, na ajiye su a matsayin rubutu kawai,
kunama a kwalba:
ana kallonta, ba ta harbi.

Amma ba ɓarawo ne ya hana ni barci ba.
Ɗayyabu Ƙanƙara ne.
Sau tara ya ƙwanƙwasa, sau tara fom ya ce masa,
"Sunanka yana da harafin da ba a yarda da shi ba."
Ni na rubuta dokar nan da yatsuna,
aro na yi daga masu baƙaƙe ashirin da shida,
waɗanda harshensu bai san lanƙwasa ba.
Rariyata ta tare tsakuwa,
ta tare har da gero.
A karo na goma ya gaji,
ya karya ƙugiyar sunansa da kansa,
ya shigo a matsayin Dayyabu Kankara,
mutumin da uwarsa ba ta taɓa kira ba.

Shayina ya huce. Na buɗe layin da na yi kuskure,
layi ɗaya ne tak, bai kai tsinken ashana ba.
Na faɗaɗa idon rariya daidai wucewar ƙugiya,
ɓ ta shige, ɗ ta shige, ƙ ta bi su,
kunama na nan a kwalbarta.

Ladan ya fara gyaran murya ta wajen Gobarau.
Kafin in tashi alwala
na nemo layinsa a cikin dubu huɗu,
na mayar masa da abin da ya bari a bakin ƙofa,
na tura saƙo zuwa wayarsa:
"Malam Ɗayyabu, an karɓa.
Buhu biyu, ranar Laraba, ka zo da katinka."