Fitowa ta Goma Sha Bakwai

Ko a gaban alƙali ba zan yarda ba
wai fitowar yaƙin taurari ce ta fi kyau.
Yara na ta ihu don jirgi ya tarwatse,
ni kuwa na hango zaren da ya rataye shi,
baƙin zare, irin na Lantana mai ɗinkin hula.
Dodon ma mutum ne a cikin buhun roba,
duba ƙafarsa da kyau, takalmin makaranta ne.

Wadda nake so ba ta da hayaniya.
Wata duniya ce mai rana biyu, ba ta da dare,
mutanenta sun gaji har sun manta yadda ake hamma,
suka roƙi matuƙin jirgi ya sayar musu da duhu,
ko da rabin mudu ne.

A Tudun Wada na kalle ta, zauren Malam Jatau,
akwatin baƙi da fari mai ƙyaure kamar kabad,
mu ashirin a tabarma ɗaya,
kowa da kwabonsa na ɗan mai gida.
Turancin ya fi ƙarfinmu,
sai Barau, da ya kai aji biyar, yake fassarawa,
rabi daga bakinsu, rabi daga cikinsa.

Ta likitan ƙarfen nan da ya koyi ƙarya
don ya kwantar da hankalin mai cikawa,
Barau ya yi kuka, har yau ban gane dalili ba.
An ja ta kamar danƙo.
Abin da za a faɗa a numfashi uku
sai da ya cinye mana lokacin tuwo.

Amma ta goma sha bakwai.
Injiniya ita kaɗai a kan wani dutse,
wallahi kamar Kufena aka ɗauka da yamma,
iskar tulunta saura kaɗan,
ga murya a rediyo tana kiran sunanta,
muryar kuma tata ce.
Ta ce mata: danna jan maɓallin.
Ta miƙa hannu,
yatsa na rawa,
Nefa ta ɗauke wuta.

Muka zuba a guje har Kongo,
gidan wani malami mai janareto,
muka tarar ana karanta labarai.
Ba a sake maimaita ta ba.

Shekara talatin da tara muna wannan gardama.
Barau ya ce ta danna, muryar gaskiya ce daga gobe.
Na ce ba ta danna ba, dutsen ne ke kwaikwayonta.
Mun yi ta a teburin mai shayi a Ƙofar Doka,
mun yi ta a kan Vespa, hanyar Samaru,
har ya kusa jefa mu kwalbati.
Mun yi ta a Shika, yana kwance, ruwa na ɗiga a hannunsa,
ya ɗaga yatsa ɗaya ya danna iska,
ya yi mini dariyar mugunta.

Makon jiya jikata Ramlatu
ta lalubo ta a waya kafin shayina ya huce.
Ta ce: Kaka, saura minti shida kacal.
Na goge tabarau, na gyara zama.

Ashe mafarki ne.
Ta farka a gadonta, abokan aiki na mata tsiya,
aka saki kiɗa, sunaye suka hau.
Ba maɓalli, ba dutse, ba komai.

Na miƙa mata wayarta.
Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a duhu
da yara ashirin yana jiran wuta ba.

Ramlatu ta ce: to wa ya ci gardamar?
Na ce je ki kawo mini sukari.

Barau, ba kowa a nan, bari in faɗa sau ɗaya:
ta danna.