Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A Samaru, bayan la'asar, in an ɗauke wuta
janareto ya yi tari sau biyu ya kama,
nakan ɗago ɓera ta gindin wutsiya
in sauke shi a mararraba.

Katako ne, wani kafinta a Sabon Gari ya haɗa mana,
tsayinsa ya kai ƙuguna.
Hannu huɗu gare shi: biyu da bango da duhu,
biyu fili fetal, ba katanga, ba madafa.
Ba mage a ɗakin, ba tarko, ba mujiya.
Ni kaɗai, da agogo, da biro mai yoyo.

Amma je ka faɗa wa Lamba Sha Bakwai.
Ya shige lungu, ya manne da bango,
gashin bakinsa na kaɗawa.
Ya miƙa wuya, ya shinshina sarari,
ya janye kamar wanda ya taɓa garwashi.

Dokta Ladidi ta zana mana a allo:
can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli,
bai fi ƙwayar dawa ba,
shi ne maigadi, shi ke busa usur.
Daga goshi wata jijiya ke gangarowa
ta ce masa, kwanta, ganye ne ya faɗo.
A gefe kuma ga ma'aji
mai riƙe da wuri, da wari, da ranar da abin ya faru.
In maigadi ya fi ƙarfin mai lallashi, in ji ta,
usur ba ya yin shiru
ko ɓarawo ya shekara da tafiya.

Na rubuta.
Ban ce mata na san gidan ba.

Yayana Barau shekara tara yana tuƙa keke mai ƙafa uku,
Kwangila zuwa Tudun Wada, ya san kowane rami da sunansa.
Ran da burkin tirela ya tsinke
ta wuce shi da taku ɗaya,
ta kwashi mai lemo da teburinsa.
Ko ƙwarzane bai yi ba.
Aka yi barka, aka raba waina.

Wata bakwai ke nan yana bin jikin katanga
in za shi masallaci.
Murfin tukunya ya faɗi, sai ya miƙe tsaye.
Keken na zaure, taya ta sace,
kaza ta yi ƙwai a kujerar baya.
Inna ta ce iska ce. Kawu ya ce lalaci ne.
An ce tsoro na daji, kunya na gida,
nasa tsoron ya biyo shi har kan tabarma.

Talatar nan, mako uku da fara gwaji,
Lamba Sha Bakwai ya tsaya a bakin fili.
Ƙafa ɗaya. Ya jira sama ta faɗo.
Ba ta faɗo ba.
Ya fito duka, har wutsiya,
ya leƙa ƙasa, ya wanke fuska da hannu biyu.
Daƙiƙa goma sha ɗaya, sannan ya koma duhunsa.
Dokta ta ce ɓera ɗaya ba hujja ba ne,
a ƙaro ashirin.
Gaskiyarta.

Da magariba na sauka a Ƙofar Doka,
na tarar da Barau a bakin titi,
ɗari biyar a dunƙule cikin hannunsa,
mai burodi yana wancan tsallaken.
Gumi na bin wuyansa, maƙogwaro na hawa da sauka.
Ban kira shi ba. Ban kama hannunsa ba.
Na laɓe bayan mai gasa masara,
babban yatsana ya nemi agogo,
na soma ƙirga.