Daƙiƙa Biyu a Shagon Graciete

Burodi ya fito tun hazo bai bar kogin Douro ba.
Wani matuƙin jirgin ruwa ya ɗauki uku,
ya miƙo kati, ko kallona bai yi ba.

Na kara shi a 'yar na'urar da Telmo ya kawo,
jikana, mai cewa zamani riga ce.
Ta yi shiru. Ni ma na yi.
Wai a cikin shirun nan tambaya ke gudu
daga bankina zuwa nasa:
Kun san mutumin nan? Za ku tsaya masa?
Sai ta yi kuka kamar ɗan tsako,
ta zaro harshen takarda: An amince.

Amma amincewa ba kuɗi ba ce.
Kuɗin sai jibi,
bayan kowa ya yagi la'adarsa a hanya,
bankinsa, bankina, masu tambarin kati,
kamar tsuntsayen bakin ruwa a kan kwandon kifi.

Marigayi Abílio da yatsu yake ƙirga ciniki,
warin sulalla na bin sa har gado.
Ni maɓalli ɗaya nake latsawa da dare,
cinikin yini ya tafi ba sallama.

Watan jiya wata baƙuwa ta ce ba ita ta saya ba,
banki ya janye yuro goma sha ɗaya.
Na tuna fuskarta sarai,
har da garin sukari a leɓenta.
Babu gurbin wannan a takardar ƙorafi.

Gobe ma zan hura tanda,
in jira kukan tsako.