Tagar Leƙe

Wata goma sha ɗaya ina ƙulle riyal a cikin safa,
na hana cikina nama, na hana ƙafata takalmi,
har ranar da na fito daga wani kanti a Balad
da kwali a ƙirji, ina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Tsohuwar kyamarata, gadon Kawu Sallau,
tagarta gilashi ce zalla,
abin da ke gabanka shi ne a idonka.
Wannan kuwa ɗan talabijin aka dasa mata a goshi,
bai kai farcen babban yatsa ba.
Sai duniya ta shiga, an dafa ta, sannan a zubo maka.

Da asuba na kai ta kasuwar kifi ta Jidda.
Daga sanyin mota zuwa gumin teku,
nan take ta yi zufa kamar mai zazzaɓi.
Na goge da bakin riga, na leƙa, dishi-dishi.
Dillali ya ɗaga kifi ja kamar garwashi,
ni toka na gani.

Sai ga kyanwar nan mai yankakken kunne,
ta yi kwanto, ta daka tsalle.
Na danna. Wallahi a sama na gan ta, ƙafa huɗu a iska!
Hoto ya fito: tebur, ƙanƙara, ɗan jini,
da ƙarshen wutsiya yana sallama a gefe.

Na hau bene wurin Muƙbil, ɗan Yaman mai gyara,
shagonsa warin dalma da shayi.
Bai ko kwance ta ba.
Ya murza wata 'yar ƙaramar ƙafa kusa da tagar,
ƙas, ƙas, ƙas, ya ce leƙa.
Na leƙa, sai ga furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce, "Dishin nan naka ne, Alhaji Tanimu. Shekararka nawa?"
Na ce ba ƙidayar jama'a na zo ba.
Jinkirin fa?
Ya kurɓi shayi. "Wannan nata ne.
Ƙiftawar ido guda duniya ke bin ta bashi,
kuma ba ta biya.
Ka danna kafin abin ya faru."
Ya ƙi karɓar ko sisi, abin da ya fi ba ni haushi.

A mota na yi shiru.
Shekara ashirin da bakwai ke nan
da irin wannan taga nake leƙen Gumel.
Ina ganin yayana Barau a bakin rijiya yana jan guga,
ashe an yi sadakar ukunsa.
Ina ganin ɗorawar ƙofar gidanmu,
ashe shagon cajin waya ne a wurin.
Ba wanda ya murza mini komai.

Yanzu katina cike yake da abin da bai faru ba tukuna:
bakin jikata dab da dariya,
hannun Tabawa ya nufi murfin tukunya,
gira ɗaya ta tashi, faɗan bai iso ba.
Ta ce, "Kuɗin firij ke nan ka mayar tsegumi."

Jiya na koma kasuwar kifi,
ido biyu a buɗe, na hagu tsirara, na dama a taga.
Kyanwa biyu nake gani, ɗaya na bin sawun ɗaya.
Kafaɗarta ta motsa, na danna.

Ga ta nan a durƙushe, ba ta aikata komai ba,
kifin yana kwance da kansa a jikinsa.
Dillali ya leƙo, ya daɗe yana kallo,
ya ce in wanko masa babba,
zai rataya a inda take wucewa.