Mai Ƙanƙara a Fagge

Shekara ashirin ina saran ƙanƙara a Fagge,
buhun ƙaiƙayi, gatari, da addu'ar a kawo wuta.
Ran nan Ramlatu ta aiko hoto:
dutsen ƙanƙara, ya fi Dala tsayi,
yana yawo a teku, ba mai shi, ba mai tayawa.
Na lissafa kuɗinsa a zuci, na yi dariya ni kaɗai.

Ta ce jirginsu na fasa daskararren ruwa
yadda nake fasa bulo da safe.
Suna zura kwalabe da igiyar ƙarfe
zurfin nan zuwa Kurna,
su jawo ruwa, su auna gishirinsa,
su ƙirga 'yan jatan lande da ba su kai yatsa ba.
Wai su ne tuwon kifayen da suka fi tirela.
Wai bana sun ragu,
rumfarsu ta ƙanƙara tana narkewa.

Narkewa dai na san ta, 'yata.
Ita ke cin ribata tun kafin azahar.

Ta ce, Baba, mako uku rana ta ƙi faɗuwa,
yaushe zan yi magariba?
Na kai wa liman, ya jinjina kai, ya ce zai duba.
Kafin ya duba,
duk sanda ladaninmu ya ɗaga murya
sai in naɗa a waya in tura mata.

Jiya shiru.
Na zauna a benci, buhu na ɗiga a ƙafata,
ina kallon alamar nan guda
ta ƙi zama biyu.