Akuyar Lurwanu

A rumfar cajin waya ta bakin kasuwar Jahun
ƙanena Lurwanu ke zana akuya.
Zane sha biyu kafin ta ɗaga ƙafa guda,
wata uku kafin ta tsallake danga
ta faɗa wa waken Iya.

Rediyon mai shayi ya ce
can ƙetare ana rabon kyautar fim,
ana musu ko na zane zai taɓa babbar.
Malam Hambali ya kurɓi shayinsa:
"Katun? Kayan yara.
Ƙashi ake jefa masa a gefe,
tsoka ta masu jini a jika ce."

Lurwanu bai tanka ba.
Yana gyara kunnen hagu,
wanda ƙaya ta tsaga bara waccan.

Bayan isha muka jingina wayar da turmi.
Iya, wadda ta sayar da akuyar nan
ranar da aka kwantar da Baba a Dutse,
ta matso har numfashinta ya dusashe gilashin.
"Kyalla ce," in ji ta. "Ɓarauniya."
Ta ɗaga hannu za ta kore ta daga waken,
sai hannun ya tsaya a sama.

Ban san da wane mudu alƙalan can ke awo ba.
Ita dai cewa take a maimaita,
har caji ya ƙare.